Raunin ɗan rawa ba ranar da ya faɗi yake farawa ba

A wani dare cikin watan Oktoban 2019, a kan dandamalin Royal Opera House da ke Landan, Steven McRae ya yunƙura zai yi tsalle, irin tsallen da ya yi sau dubbai tun yana yaro a Sidni ta Ostareliya. Bai yi tuntuɓe ba, babu kuma wanda ya bangaje shi. Agararsa ce kawai ta tsinke. Aka tsayar da kiɗa, aka sauke labule. A lokacin yana da shekara 33, yana cikin manyan 'yan rawan kamfanin Royal Ballet, kuma sai da ya shekara biyu, wato Oktoban 2021, kafin ya koma ya jagoranci wasa a wannan dandamali.

Wanda ya ji labarin zai ce tsautsayi ne, tsautsayi kuwa ba ya wuce ranarsa. Ba musu. Sai dai likitocin ƙashi sun daɗe da sanin cewa galibin agarar da ta tsinke, idan aka buɗe aka duba, sai a tarar ta jima da fara lalacewa daga ciki. McRae da kansa ya faɗa daga baya cewa ƙafar ta daɗe tana damunsa, yana ta rawa a kanta. Ranar da ya faɗi ita ce ranar da mutane suka gani, amma abin ya daɗe yana taruwa.

A kan rawar bale zan fi tsayawa, wato rawar nan ta Turawa da mata ke tsayawa a kan tsinin yatsu. Ba don ta fi sauran raye-raye ba, sai don ita aka fi yi wa bincike. Tun 1989 aka buɗe cibiyar Harkness a birnin New York, wadda aikinta kawai kula da raunukan 'yan rawa, a 1990 kuma aka kafa ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta likitancin rawa, IADMS. Abin da binciken da aka tara tun daga lokacin ya yi ta nanatawa shi ne, fiye da rabin raunukan 'yan bale ba faɗuwa ce ke kawo su ba, yawan maimaita abu ɗaya ne a kan gaɓar da ba a ba ta lokacin murmurewa ba, kuma mafi yawansu daga ƙugu zuwa tafin ƙafa suke. Ƙashi kuwa bai san sunan rawa ba. Abin da ya shafi gwiwar ɗan bale ya shafi gwiwar ɗan koroso.

Kalma ɗaya, abubuwa huɗu

Hausa ta yi mana rowa a nan. Jijiya muke cewa da abin da jini ke bi, jijiya muke cewa da abin da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa, jijiya ce ke ɗaure ƙashi da ƙashi, jijiya ce kuma ke haɗa tsoka da ƙashi. Shi ya sa in mutum ya ce "jijiya ce ta riƙe ni" bai faɗa maka komai ba tukuna. Biyun ƙarshe ne suka shafe mu. Wadda ke ɗaure ƙashi da ƙashi a gaɓa zan kira ta igiyar gaɓa. Wadda ke haɗa tsoka da ƙashi zan ce mata agara, ko da yake agarar da kowa ya sani ita ce ta bayan dunduniya.

Bambancin da ya kamata malamin rawa ya riƙe shi ne kowannensu da saurin da yake sabawa da aiki. Tsoka tana da jini sosai, cikin 'yan makonni za ka ga ta ƙara ƙarfi. Agara da igiyar gaɓa jinin da ke isa gare su kaɗan ne, sabonsu da sabon nauyi yana ɗaukar watanni. Ƙashi ma watanni yake ɗauka. Mutane na ɗaukar ƙashi kamar busasshen ice, alhali abu ne mai rai wanda kullum ake rushe wani ɓangarensa ana sake ginawa. Wani likita Bajamushe, Julius Wolff, ya bayyana tun 1892 cewa ƙashi yana ƙara kauri ne a inda ake ɗora masa nauyi. Amma rushewar ita ke fara zuwa kafin ginin, zagaye guda kuma yakan ci wata uku zuwa huɗu. A tsakanin nan akwai lokacin da ƙashin ya fi rauni fiye da yadda yake kafin a fara horon.

To a nan gizo ke saƙa. Ɗalibi ya dawo daga dogon hutu, ko an matso ranar wasa an ninka masa awoyin atisaye. Bayan mako uku tsokarsa ta ce ta shirya, numfashinsa ya daidaita, yana jin kansa garau. Ƙashin ƙwaurinsa da agararsa kuwa suna can baya ba su iso ba. Shi bai sani ba, malaminsa ma bai sani ba, domin babu abin da ke nunawa a ido. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma kusan kowace ƙungiyar rawa haka take yi: wata biyu ana jan ƙafa, mako biyun ƙarshe a kwana ana tsalle.

Misty Copeland, wadda a 2015 ta zama baƙar fata mace ta farko da ta kai matsayi mafi girma a kamfanin American Ballet Theatre, ta bi ta wannan hanya. A 2012 ta samu babbar dama, ta yi ta atisaye a kan ƙwaurin hagu mai ciwo, da aka duba sai aka tarar da tsaga shida a ƙashin. Sai da aka yi mata aiki aka sa ƙarfe. Irin wannan tsagewa ta gajiyar ƙashi tana da halinta. Da farko ciwo ne bayan an gama rawa. Sai ya koma ana jinsa ana cikin rawar. Daga nan sai a riƙa jinsa a tafiya, har da dare a kwance. Alamarsa mafi muhimmanci ita ce mutum zai iya ɗora yatsa ɗaya a kan ƙashin ya ce "nan ne", saɓanin ciwon tsoka da ke bazuwa. Wani abin takaici, hoton ƙashi na yau da kullum sau da yawa ba ya nuna komai a makonni biyu zuwa ukun farko, sai a ce wa yaro lafiyarsa lau, ya koma tsalle.

Ƙugu ne ke juyawa, ba gwiwa ba

Duk wanda ya taɓa kallon 'yan bale ya lura da tsayuwarsu: dunduniya haɗe, yatsu na kallon gefe da gefe. Abin ya samo asali ne daga fadar Faransa, inda Sarki Luwi na 14 ya kafa makarantar rawa a 1661, malaminsa Pierre Beauchamp kuma ya tsara tsayuwa biyar da har yau ake koyarwa. A wancan zamani buɗewar ba ta kai ta yau ba. Sannu a hankali aka yi ta ƙarawa har aka wayi gari abin da ake buri shi ne ƙafafu biyu su yi layi ɗaya, digiri 180, wato 90 a kowace ƙafa.

Matsalar ita ce jikin ɗan Adam ba haka aka yi shi ba. Kan ƙashin cinya dunƙule yake kamar ƙwallo, yana zaune a cikin wani ƙoƙo na ƙashin ƙugu. Yawancin mutane juyawar da wannan gaɓa ke iya yi zuwa waje ba ta wuce digiri 45 ba, ƙwararrun 'yan rawa kuma da wuya su haura 60 zuwa 70 daga ƙugun kansa. Iyakar ta dogara ne da zurfin ƙoƙon, da inda yake fuskanta, da yadda wuyan ƙashin cinya ya murɗa. Waɗannan siffar ƙashi ce, halitta ce. Miƙa ba ta canza su, kamar yadda ja ba ya ƙara wa mutum tsawo.

To yaron da ƙugunsa ya tsaya a 50, malami kuma yana son ganin 90, ina zai samo saura? Rance zai ci a wurare uku. Na farko gwiwa. Gwiwa kamar ƙyauren ƙofa take, gaba da baya take zuwa, amma idan an lanƙwasa ta tana ɗan yarda ta murɗa. Sai yaro ya durƙusa kaɗan, ya dasa ƙafafunsa a buɗe a kan daɓe, sannan ya miƙe, daɓen ya riƙe masa tafin ƙafa a inda ƙugu bai kai ba. A ido ya yi kyau. A ciki kuwa ana matse guringuntsin gwiwa kamar ana matse wanki, igiyar da ke gefen ciki tana jan wuya, ƙoƙon gwiwa yana gogar gefen hanyarsa. Na biyu tafin ƙafa: sai ya kwanta ta ciki, bakansa ya rushe, nauyi ya koma kan babban yatsa da agarar da ke bi ta bayan idon sawu zuwa gare shi. Wannan agara tana yawan kumbura a 'yan bale har likitoci suka laƙaba wa ciwon sunan 'yan rawa. Na uku ƙashin baya: yaro ya turo ƙugu gaba, ya botsaro baya, don hakan yana sassauta igiyoyin gaban ƙugu ya ƙara masa 'yan digiri. Kuɗin wannan rance a ƙasan gadon baya ake biyansa, wani lokaci da tsagewar ƙashi.

Gane wannan ba ya buƙatar na'ura. A sa ɗalibi ya lanƙwasa gwiwa a tsayuwarsa, a duba daga sama: idan tsakiyar ƙoƙon gwiwa yana saitin yatsa na biyu, buɗewar tasa ce. Idan gwiwa ta faɗo ciki, yatsu suna can waje, aro ce. Ko a sa masa safa a kan daɓe mai santsi a ce ya buɗe ƙafa daga tsaye ba tare da durƙuso ba. Inda ya tsaya, nan ne gaskiyarsa. Wani abin mamaki kuma, da yawa daga cikin ɗalibai ba sa ma amfani da duk abin da ƙugunsu ke da shi, saboda ƙananan tsokoki shida da ke can cikin ɗuwawu, waɗanda aikinsu ke nan, ba su da ƙarfin riƙe ƙafar a buɗe. Wato abin da suke nema da miƙa, da ƙarfafa tsoka ake samunsa.

Ice tun yana ɗanye

Na san karin maganar da ake kare kai da ita: ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A tarbiyya ta yi daidai. A jikin yaro kuwa ɗanyen icen shi ya fi saurin ɓallewa, kuma ga dalili. A kusa da ƙarshen dogayen ƙasusuwan yaro akwai wani faifan guringuntsi, daga nan ƙashi ke ƙara tsawo, ba ya kuma rufewa sai an gama girma. Wannan faifai ya fi igiyoyin da ke kewaye da shi rauni. Murɗewar da za ta sa babba targaɗe, a yaro tana iya taɓa wurin girman ƙashi.

Sai lokacin da yaro ke harbawa, wajen shekara 11 zuwa 12 a mata, 13 zuwa 14 a maza, inda a shekara guda za a iya ƙara santimita takwas zuwa goma. Ƙashi ne ke fara yin gaba, tsoka da agara su biyo baya a ɗame. Yarinyar da bara take ɗaga ƙafa har kunne, bana ta kasa. Juyin da take yi sau uku ya koma ɗaya, tana tangaɗi, domin tsawon hannu da ƙafa ya sauya, ƙwaƙwalwa ba ta gama sabon lissafi ba. Malamin da bai san wannan ba sai ya ce lalaci ne, ya ƙara mata aiki a daidai lokacin da ya kamata ya rage. A wannan shekaru ne ake ganin kumburi mai ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwa, inda agara ke jan ƙashin da bai ƙosa ba, da kuma ciwon dunduniya. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza: a rage tsalle, a rage ɗaga ƙafa sama, a ƙara aikin daidaita tsayuwa da ƙarfin ciki, a kuma gaya wa yarinyar cewa abin zai wuce, don da yawa a nan suke yanke ƙauna su bar rawar.

Batun takalmin tsayawa a kan yatsu ma a nan ya shigo. Takalmin ba katako ba ne a ciki kamar yadda ake zato, yadi ne da takarda da gam aka jera suka yi tauri, ƙafa ce ke ɗaukar aikin. Shawarar da IADMS ta fitar ita ce kada a fara kafin shekara 12, kuma wadda ke zuwa aji sau biyu a mako sai a shekararta ta huɗu da fara koyo, mai zuwa sau ɗaya a mako kuwa gara ma a bar shi. Shekarun ma ba su ne hujja ba. Yarinyar da ba ta iya tsayawa da ƙafa ɗaya ta durƙusa ba tare da gwiwa ta yi gwame ba, ko shekararta 15 ba ta shirya ba. Iyaye kan matsa, don 'yar maƙwabta ta samu nata takalmin. Malamin kirki yakan iya cewa a'a.

Miƙa da ƙarfi

Shiga kowane ɗakin atisaye kafin a fara aji, abin da za ka gani ɗaya ne: kowa ya baje a ƙasa ya raba ƙafa, jiki a sanyaye, ana hira. Sun ɗauka ɗumama jiki ke nan. Ba shi ba ne. Ɗumama jiki shi ne a motsa har zuciya ta ƙara bugu, gumi ya fara tsattsafowa, kamar minti goma zuwa sha biyar na sassarfa, da lilo da ƙafa, da juya gaɓoɓi, daga ƙaramin motsi zuwa babba. Doguwar miƙa a zaune, wadda ta haura minti guda a kan tsoka ɗaya, tana rage wa tsokar ƙarfi na ɗan lokaci. Wurinta bayan aji ne, ba kafin tsalle ba.

A 2014 wasu masu bincike a Denmak suka tattara gwaje-gwaje 25 da aka yi a kan 'yan wasanni sama da 26,000. Miƙa ba ta nuna wani tasiri wajen rage rauni ba. Horon ƙarfafa tsoka kuwa ya mayar da raunuka ƙasa da kashi ɗaya cikin uku. 'Yan wasanni ne ba 'yan rawa ba, amma kamfanin bale na Ostareliya ya gwada abin a gidansa. Babbar likitar gashin ƙashinsu a lokacin, Sue Mayes, ta lura cewa waɗanda ba sa iya yin ɗage da ƙafa ɗaya sau 25 a jere su ne suka fi kukan idon sawu. Sai aka shigar da wannan ɗage cikin ajin kowace rana, sau 16 zuwa 24 a kowace ƙafa, a hankali, gwiwa a miƙe, nauyi a saitin yatsa na biyu, aka kuma rage yawan miƙa sharaɓa. Raunukan idon sawu da na sharaɓa suka ragu ƙwarai. Ba na'ura, ba kuɗi, bango kawai za ka dafa. A ganina babu wani abu guda da malamin rawa zai ara yau da ya fi wannan araha.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne hotunan da ke yawo a Instagram da TikTok: yarinya ta ɗora ƙafa ɗaya a kujera, ɗaya a wata kujerar, ƙugu na lilo a tsakiya, ko malami ya hau bayan ɗalibi yana danna shi ƙasa. Idan tsoka ta kai iyakarta, abin da ake ja bayan nan igiyar gaɓa ce da leɓen guringuntsin da ke kewaye da ƙoƙon ƙugu. Tsoka roba ce, tana komawa. Igiyar gaɓa in ta saki ta saki ke nan. Wanda kuma aka haifa da jiki mai laushi, gwiwarsa na lanƙwasawa baya, babban yatsan hannunsa na taɓa damtse, shi malamai suka fi so, shi ne kuma ya fi buƙatar a hana shi miƙa a sa shi aikin ƙarfi, domin igiyoyinsa ba sa riƙe shi, tsoka ce kaɗai gatansa. 'Yan koroso da ke nannaɗe jiki su lura da wannan.

Dira, daɓe da gajiya

A babban tsalle, nauyin da ke sauka a kan ƙafa ɗaya yakan ninka nauyin jiki sau uku ko fiye. Tafin ƙafa mai ƙasusuwa 26 ne ke fara karɓa, ya miƙa wa idon sawu, gwiwa, ƙugu. Abin yabo a horon bale shi ne tun yaro na ƙarami ake koya masa dira: yatsu su fara taɓa ƙasa, sai tudun tafin ƙafa, sai dunduniya, gwiwa ta lanƙwashe a saitin yatsu. Dira mai kyau ba ta da ƙara. Malami na iya rufe ido ya saurari ajinsa ya san wanda ya gaji.

Cibiyar Harkness ta bi 'yan rawa 298 har shekara biyar, ta fitar da sakamako a 2008. Mutum 12 ne kawai igiyar tsakiyar gwiwarsu ta tsinke, wadda ke yawan kashe wa 'yan ƙwallo kaka guda. Adadin ƙarami ne idan aka kwatanta da wasannin ƙwallo, ana kuma danganta hakan da wannan horo na dira. Amma dubi yadda sha biyun suka faru: kusan dukkansu wajen dira da ƙafa ɗaya, mafi yawa kuma a ƙarshen yini, a ƙarshen kakar wasa. Ƙwarewar tana nan, gajiya ce ta kwance ta. Saboda haka kalmar nan ta malamai, "a sake sau ɗaya mu tashi", ita ce mafi haɗari a yinin. Sabon motsi mai wuya da manyan tsalle-tsalle a tsakiyar atisaye ya kamata a yi su, lokacin da jiki ya yi ɗumi bai kuma ƙare ba.

Daɓe kuma, manyan kamfanoni suna rawa ne a kan katako mai ɗan lotsawa, an ɗora shi a kan roba ko sassaƙen katako da ke shanye wani kaso na dirar. A 2020 duniya ta yi ta kallon bidiyon Anthony Madu, yaro ɗan shekara 11 a Legas, yana juyi ba takalmi a kan siminti cikin ruwan sama, abin da ya kai shi har makarantar bale ta Elmhurst a Birmingham. Kowa ya ga baiwa. Wanda ya san ƙashi ya ga simintin ma. Haka galibin masu rawa a ƙasashenmu suke, daga ƙungiyoyin al'adu zuwa matasan da ke atisaye a harabar makaranta: siminti ko tayil. Wanda ba shi da halin katako, abin da ke hannunsa shi ne ƙidaya. A rage yawan tsalle a kan siminti, a raba shi cikin mako maimakon a tara a rana ɗaya, a sa takalmi mai taushin ƙasa in rawar ta yarda. Turɓayar dandali da kakanninmu ke rawa a kai ta fi tayil tausayin gwiwa nesa ba kusa ba.

Akwai gajiyar da ba ta atisaye ba ce, ta yunwa ce. A bale an daɗe ana son mace siririya, yara mata da yawa suna rage ci alhali suna aikin ƙarfi awa biyar ko shida. Jiki in abinci bai ishe shi ba sai ya fara rufe wasu ayyuka, cikin na farko har da al'ada. Ɗaukewar al'ada na nufin sinadarin da ke kare ƙashin mace ya yi ƙasa, ƙashi ya fara zama kamar soso a daidai shekarun da ya kamata ya tara kaurin da zai yi rayuwa da shi. A 1992 likitocin wasanni a Amurka suka ba wannan haɗin na ƙarancin abinci, ɗaukewar al'ada da raunin ƙashi suna, a 2014 kuma kwamitin Olamfik na duniya ya faɗaɗa bayanin ya nuna maza ma yana kama su. Yarinya mai rawa da ta yi wata uku ba ta ga al'ada ba, ba alamar ƙwazo ba ce, maganar likita ce. Malamin da ke yi wa ɗaliba tsokaci a kan ƙibarta a gaban aji kuwa, ya sani hannunsa na cikin karayar da za ta zo.

In an yi targaɗe

Raunin farat ɗaya da ya fi yawa shi ne targaɗen idon sawu. Ƙafa ta murɗe ta ciki wajen dira, igiyar da ke gefen waje ta ja ko ta yage. Ya fi faruwa a ɗage, domin a wannan tsayuwa ƙashin idon sawu ya fito daga inda yake zaune daram. Irin wannan murɗewa kuma tana iya karya dogon ƙashin da ke bayan ƙaramin yatsa, har ana kiran karayar da sunan 'yan rawa.

A wurinmu an san abin da ke biyo baya: a nemo mai ɗori ya ja ƙafar, ya murza, mai ciwo yana ihu ana cewa ya daure. Ban raina masu ɗori ba, sun yi wa jama'a aiki a inda babu asibiti. Amma igiyar da ta yage ba gocewa ta yi ba balle a mayar da ita, ja ƙara yaga ta yake yi, in kuma akwai karaya a ƙasa, murza na iya raba ƙashin da da a haɗe yake. Likitoci a Otawa ta Kanada sun fitar da wata ƙa'ida mai sauƙi a 1992 ta sanin wanda ke buƙatar hoto. Idan mutum ya kasa taka ƙafar taku huɗu, ko ya ji zafi da aka danna ƙashin idon sawu ta bayansa ko a tsininsa, ciki ko waje, ko tushen ƙashin ƙaramin yatsa, ko ƙashin da ya ɗan turo a saman bakan tafin ƙafa ta ciki, to hoto kafin komai. In yaro ne mai girma, a ƙara yin taka-tsantsan saboda faifan nan na girma.

Idan ba karaya, a ɗaure da bandeji ba tamau ba, a ɗaga ƙafar sama, a huta kwana biyu zuwa uku. Ƙanƙara tana rage zafi, amma likitan da ya yaɗa shawarar a 1978, Gabe Mirkin, ya fito a 2014 ya ce yawan ƙanƙara da doguwar kwanciya na iya jinkirta warkewa. Da zarar zafi ya lafa sai a fara motsa ƙafar, a fara takawa gwargwadon abin da aka iya. Abin da bai kamata ba shi ne a sha maganin kashe zafi don a samu a hau dandamali. Jiki magayi ne, wanda ya toshe masa baki bai hana ɓarnar ci gaba ba.

Kuskuren da ya fi yawa a ƙarshe yake zuwa. Kumburi ya saɓe, zafi ya tafi, sai a ce an warke. Alhali a cikin igiyar gaɓa akwai 'yan ƙananan jijiyoyin saƙo da ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda ƙafa take ba tare da an duba ba, targaɗe kuma yana rikita su. Shi ya sa ƙafar da ta taɓa targaɗe ita ke sake yi. Kafin malami ya mayar da ɗalibi layin masu tsalle, ya sa shi ya tsaya da ƙafar mai ciwo, ido a rufe, daƙiƙa 30 ba tare da ya sauke ɗayar ba. Ya sa shi ɗage da ƙafa ɗaya ya ƙirga, adadin ya yi daidai da na lafiyayyar. Sannan ɗan tsalle-tsalle a wuri ɗaya a kan ƙafar, sau goma, ba ɗingishi, ba yamutsa fuska, washegari kuma a tambaye shi yadda ya kwana.